Baba ya koma salla a kan kujera: ƙwayoyin ƙarin ƙarfi za mu saya masa ko wasan taici za mu kai shi?

Wani ɗan'uwa daga nan Garwa ya aiko da tambaya a kan mahaifinsu. Dattijon yana da shekara 71, tsohon mahauci ne da ya yi dambe a ƙuruciyarsa, yana da hawan jini da ciwon suga, yana shan metformin na suga da maganin hawan jini. Bara zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu, tun daga nan ba ya iya tashi daga sujada sai ya dafa bango, har ya koma salla a kan kujera, kuma ya taɓa faɗuwa a bakin bayi. Wani mai tallan kayan ƙarin lafiya ya kawo musu robobi 4 na ƙwayoyi a kan sefa dubu 45 duk wata, ya ce za su dawo masa da ƙarfinsa. Wani aboki kuma ya ce a kai shi wurin masu karate ko taici, wato wasan Sinawa na motsa jiki sannu a hankali. Wanne ya fi?

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da wannan kulawa, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ni ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne a asibiti, kuma na daɗe a wasan judo, don haka zan amsa maka ta fuskokin biyu. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Abin da zai tayar da Baba daga kujerar nan cinyoyinsa ne, kuma cinya ba ta yin ƙarfi sai an sa ta aiki an kuma ba ta abinci. Abokinka ya fi mai tallan kusa da gaskiya, sai dai maganarsa tana bukatar gyara.

Bari mu fara da abin da ya sami ƙafafun. Daga shekara 30 zuwa sama mutum yana rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a duk shekara 10, bayan 60 kuma abin yana ƙara sauri. Amma ba wannan raguwar ta sannu-sannu ce ta fi cin dattawanmu ba, kwanciyar jinya ce. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu cikakkiyar lafiya a gado kwana 10 kacal, sai suka rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Waɗannan fa lafiyarsu lau, ana ba su abinci a kan lokaci. To ina ga wanda ya yi mako biyu da zazzaɓi, bakinsa ba ya karɓar komai sai kunu? Daga nan sai mu 'ya'ya mu ɗora namu. Da ya miƙe, tausayi ya sa muka hana shi komai: a ɗauko masa buta, a kai shi masallaci a kan babur, ya yunƙura zai ɗauki tabarma a ce "Baba zauna ka huta, ga yara nan." Da kyakkyawar niyya ake yi, amma wannan hutun shi yake ƙarasa abin da ciwo ya fara.

Tambayarka an taɓa gwada ta kai tsaye. A birnin Boston na Amurka, wata likita mai suna Maria Fiatarone ta ɗauki tsofaffi 100 da ke gidan kula da gajiyayyu, matsakaicin shekarunsu 87, ta raba su gida huɗu. Wasu aka sa su atisayen ɗaga nauyi da ƙafafu, wasu aka ba su abin sha mai gina jiki da bitamin, wasu aka haɗa musu duka biyun, wasu ba a ba su ko ɗaya ba. Bayan mako 10, ƙarfin tsokar masu atisaye ya ƙaru da kashi 113 cikin 100, na waɗanda ba su yi atisaye ba kuwa da kashi 3 kawai. Abin shan shi kaɗai bai ƙara wa kowa ƙarfi ba. An wallafa sakamakon a 1994. Idan 'yan shekara 87 da ke tafiya da sanda sun ninka ƙarfinsu cikin wata biyu da rabi, ɗan shekara 71 da ya yi rayuwarsa yana daƙon cinyar sa a kafaɗa yana da sauran hanya mai tsawo a gabansa, in Allah ya yarda.

Kafin komai, faɗuwar nan ta bakin bayi ba za a bar ta ta wuce haka ba. A kai Baba asibiti, a zuba duk magungunan da yake sha cikin leda ɗaya a tafi da su, har da na gargajiya da waɗanda ya saya a tebur. A roƙi a auna jininsa yana kwance, sannan a sake aunawa bayan ya miƙe tsaye. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, to wannan yana iya sa jiri ya ɗebe shi, kuma sau da yawa gyara awon maganin hawan jini ya isa. A duba idanunsa, domin yanar ido tana kayar da tsofaffi fiye da yadda ake zato, kuma aikinta ba mai tsawo ba ne. A taɓa tafin ƙafarsa a ji ko yana jin taɓin, don suga yana kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya riƙa taka ƙasa bai san yadda take ba. A auna ƙodarsa da yawan jininsa. Likitan da ke ganinsa ya saurari zuciyarsa ya ce ya yarda a fara motsa jiki. Wannan awon shi ne ya cancanci kuɗin watan farko.

A gida kuma akwai gwajin da za ka yi masa da kanka, ka rubuta a takarda. Ka jingina kujera marar hannu da bango, ya zauna ya rungume hannayensa a ƙirji, ka ƙirga sau nawa zai miƙe tsaye sosai ya koma ya zauna cikin daƙiƙa 30. Ga namiji mai shekara 70 zuwa 74, ƙasa da sau 12 alama ce ta rauni, ga mace mai waɗannan shekarun ƙasa da sau 10. Sannan ya tsaya kusa da bango, diddigen ƙafa ɗaya yana taɓa yatsun ɗayar a layi guda. In bai kai daƙiƙa 10 ba, haɗarin faɗuwa yana nan. Kana tsaye dab da shi za a yi duka biyun.

Yanzu ga maganar wasannin faɗa. Dambe na gaske, kokawa, da karate irin wanda ake kai wa juna naushi da shuri, duk Baba ya yi bankwana da su. Ƙashin ɗan shekara 70 ba ya ɗaukar kayarwa, kuma mai suga da ya daɗe jijiyoyin bayan idonsa suna iya fashewa da bugu ɗaya. Amma a ƙarƙashin kowane wasan faɗa akwai wani ilimi da ba na duka ba ne, ilimin tsayuwa. Ka tuna yadda ɗan dambe yake shiga fage: ƙafafu a ware, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannu ɗaya a gaba yana kariya, nauyin jiki a kan ƙafar baya, sai lokacin kai hannu ya mayar da shi kan ta gaba, ƙugu ya juya. Duk wannan don kada a kai shi ƙasa ne, tunda a dambe wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi. Abin da tsoho yake bukata ke nan daidai: ya san a kan wace ƙafa nauyinsa yake a kowane lokaci, ya iya mayar da shi kan ɗayar ba tare da ya yi tangaɗi ba.

Taici wannan ilimin ne aka rage masa gudu. Asalinsa wasan faɗa ne na ƙasar Sin, ana danganta shi da dangin Chen na ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan tun ƙarni na 17, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2020. A cikin wasannin faɗa, shi aka fi gwadawa a kan tsofaffi. A Atlanta ta Amurka, a wani gwaji da aka wallafa a 1996, an gwada shi a kan mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama, bayan mako 15 na koyo haɗarin yawan faɗuwa ya ragu da kusan rabi. A jihar Oregon ta Amurka, a wani gwaji da aka wallafa a 2018, Fuzhong Li da abokan aikinsa suka ɗauki dattawa 670 da ke cikin haɗarin faɗuwa, suna yin awa ɗaya sau biyu a mako har mako 24. Masu taici sun fi masu miƙe-miƙen gaɓoɓi kawai ƙarancin faɗuwa da kashi 58 cikin 100, sun kuma fi masu atisaye gauraye da kashi 31. Da aka tattara gwaje-gwaje 108 daga ƙasashe daban-daban a 2019, lissafin ya ɗan sauko: motsa jiki gaba ɗaya yana rage faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 23, taici da kusan kashi 19. Na kawo maka lambobin biyu ne don kada a sayar maka da taici yadda aka so sayar maka da ƙwaya. Yana da amfani na gaske, amma ba shi da wani sirrin da sauran atisayen daidaita tsayuwa ba su da shi, kuma shi kaɗai ba ya gina cinya yadda tashi da nauyi yake ginawa.

Saboda haka ba sai an samo malami daga Sin ba. Idan ka sami mai koyar da karate ko judo a gari wanda zai yarda ya keɓe wa dattawa lokaci, ya koya musu takun wasan a hankali ba tare da karawa ba, ya tambayi ciwon kowa kafin ya fara, ya kuma ajiye kujeru a gefe, madalla. Wanda ya ce dattijo ya yi tsalle ko ya yi shuri sama da ƙugu, ko ya haɗa shi layi ɗaya da samari, a bar shi. Dabarun faɗuwa na judo, yadda ake naɗe jiki a mirgina, an koya wa tsofaffi su a Nijmegen ta ƙasar Holand, amma a kan katifu masu kauri, a gaban ƙwararru. Kada a gwada su a kan simintin tsakar gida. In kuma wani ya kawo shakku saboda falsafar Sinawa da ke tattare da taici, mu taku da numfashi muke ɗauka, babu rusuna wa kowa, babu wani karatu.

Ga yadda nake farawa da irin su Baba. Bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, a wuri mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kusa da bango. Ya cire babbar riga, wando kada ya ja ƙasa, ya sa takalmi rufaffe mai kama diddige, domin silifa tana yawan kayar da tsofaffi, kuma mai suga ba ya atisaye ba takalmi. Ya tsaya ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, ya sassauta gwiwoyi kaɗan, yatsun hannu ɗaya suna taɓa bango. Sai ya kwarara nauyinsa zuwa ƙafar dama a hankali, har ya ji ta hagu ta zama sakayau, ya tsaya numfashi ɗaya, ya dawo. Da farko za ka ga kafaɗunsa ne suke karkacewa, ƙugun yana nan inda yake. Ka ɗora tafin hannunka a ƙugunsa ka ce "nan ne zai tafi, Baba, kai ya tsaya cak." Ranar da ƙugun ya fara tafiya da kansa, za ka ga yatsun ƙafarsa sun daina ƙanƙame ƙasa.

Daga nan sai taku. Nauyi duka a ƙafar baya, a ɗaga ta gaba a ajiye diddige kaɗai, ba a ɗora mata komai ba tukuna, kamar mai ƙetare rafi da damina da yake laluben ƙasa kafin ya yarda da ita. Sai tafin ya kwanta, sai nauyi ya biyo sannu-sannu, gwiwa tana kallon inda yatsu suke kallo, ba ta wuce su ba. Taku 10 gaba, taku 10 a gicciye yana bin bango, daga baya a ƙara da taku baya-baya. Idan ƙafafun sun saba, a ƙara hannu. A nan ne tsohon ɗan dambe yake farfaɗowa: ka ce ya yi tsayuwarsa ta da, ya kai hannun a iska amma ya ɗauki daƙiƙa biyar kafin ya isa, yana fitar da numfashi, sannan ya sauya ɓangare ya yi da hannun da bai taɓa ɗaure wa zare ba. Na ga dattawan da suka ƙi duk wani atisaye da aka kira da sunan asibiti, amma da aka ce su nuna yadda suke tsayawa a fage, sai da aka roƙe su su huta.

Sai aikin cinya, wanda shi ne zai mayar da shi sujada. Tashi daga kujera sau 8 zuwa 12, a huta, a sake zagaye na biyu, daga baya na uku. Saukar ta fi tashin muhimmanci: ya ƙirga uku kafin ya taɓa kujerar, kada ya saki jiki ya faɗa mata. In ya yi 12 ba wahala, a ba shi jarkar ruwa ta lita 2 ya rungume, daga baya ta lita 5, ko a sauya masa kujera mafi gajarta. Tsoka ba ta ƙaruwa sai an riƙa ƙara mata kaya, kuma a nan ne yawancin masu yi a gida suke tsayawa, su shekara suna maimaita abu guda. Ya kuma dafa bango ya riƙa ɗagawa a kan yatsun ƙafa sau 10 zuwa 15. Bayan wasu makonni sai a fara koyon sauka ƙasa daki-daki a kan darduma mai kauri, kujera a gabansa: hannu a kan kujera, gwiwa ɗaya a ƙasa, ya tashi. In wannan ya zauna, gwiwa biyu. In ya zauna, hannu ya sauka ƙasa. Malamai sun yi bayanin rangwamen salla a zaune ga marar iko, babu abin kunya a ciki, kuma ya ci gaba da kujerarsa a masallaci har sai ya iya wannan a gida ba tare da fargaba ba. Wanda gwiwarsa ta cinye sosai yana iya ƙarfafa ya daina faɗuwa amma durƙuson ya ci gaba da yi masa wuya, wannan likita ne zai duba ya faɗa.

Kada ya riƙe numfashi yayin yunƙuri, don yana harba jini sama. Ma'aunin ƙarfin aikin shi ne ya iya magana yana yi. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma gwiwa ta kumbura ko ta yi zafi, a rage. Ciwon ƙirji, haki da ya wuce misali, jiri, ko gumi mai sanyi da rawar jiki, a tsaya nan take, na ƙarshen yana iya zama suga ne ya faɗi, don haka ya ɗan ci wani abu kafin ya fara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce mai shekara 65 zuwa sama ya sami minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 ko fiye, da atisayen daidaita tsayuwa kwana 3 ko fiye. Baba zai fara da minti 10 ne, tafiya masallaci da ƙafa kuma tana cikin lissafi. Zafinmu na Maris da Afrilu, da yake haura digiri 40, ba a wasa da shi, musamman ga mai shan maganin da ke sa fitsari. A lokacin da asuba kaɗai za a yi, da ruwan sha a gefe. Da hunturu a tsawaita ɗumama jiki. Da azumi a rage, a mayar da shi bayan an sha ruwa an huta.

Abinci kuwa, nan ne nake so kuɗin nan su tafi. Ka duba abin da dattijo yake ci a yini: koko ko shayi da burodi da safe, ɗan abin da aka samu da rana, tuwo da dare, naman da ke cikin miya kuma ya tura wa jikoki don haƙora ba sa iyawa. Ciki ya cika, amma abin gina tsoka bai kai rabin bukata ba. Masana abincin tsofaffi sun ba da shawara a 2013 cewa dattijo ya sami furotin giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 60 ke nan yana bukatar giram 60 zuwa 72, kuma a rarraba shi kan abincin yini uku ya fi a tara shi da dare. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Kofin nono ko kindirmo yana da kusan 8. Kifi dafaffe da ya kai faɗin tafin hannu yana da kusan 20. Kofin dafaffen wake yana da 13 zuwa 15, cikin hannu na gyaɗa kusan 7. Sefa dubu 45 a wata, 1,500 ke nan kullum. Ka shiga kasuwa da ita ka ga abin da za ta sayo na ƙwai, wake, awara, nonon da matan Fulani suke kawowa da kifin Lagdo. Don haƙora, a niƙa nama ko a dafa shi ya yi luguf, a daka ƙananan busassun kifi da ƙayarsu su zama gari a riƙa barbaɗawa a miyar kuka ko ta zogale. Wannan ya haɗa furotin da kalsiyam a cokali ɗaya. Kunun gyaɗa da fura a rage musu sukari saboda ciwonsa, miya a rage mata gishiri, dunƙule da kanwa saboda hawan jini. Sharaɗi ɗaya: in awo ya nuna ƙodarsa ta taɓu, likita ne zai yanke yawan furotin.

To, ashe ƙwayoyin ba su da wani amfani? Wasu suna da shi, ga wanda jikinsa ya rasa abin da ke cikinsu. Wanda zan fi so a bincika wa Baba shi ne bitamin B12. Metformin yana rage shigarsa jiki in an daɗe ana sha, cikin tsoho ma ba ya tsotsarsa kamar da, kuma ƙarancinsa yana kawo dindiris a ƙafa, tangaɗi, mantuwa da ƙarancin jini, abubuwan da ake ɗora wa tsufa ko suga a wuce. Maganinsa yana da araha a farmasi, ƙwaya ko allura, kuma kada ya daina metformin ɗinsa saboda wannan.

Bitamin D an yi masa talla fiye da aikinsa. A wani babban gwaji a Amurka, mutum 25,871 aka raba, rabi suna shan awo 2,000 (awon da ake rubuta IU a jikin kwali) kullum na kusan shekara 5, kuma a 2022 aka bayyana cewa karayarsu ba ta ragu ba. A Ostireliya kuma, a 2010, tsofaffin matan da aka ba awo 500,000 a tashi ɗaya sau ɗaya a shekara sun fi waɗanda ba a ba su ba faɗuwa da karaya. Don haka 'yan kwalaben nan masu awo 100,000 ko 200,000 ba abin sha ba ne ba tare da takardar likita ba. Dattijon da ke fita masallaci da kasuwa a ranar Garwa ba shi ne abin damuwata ba. Waɗanda nake tunani su ne wanda jinya ta tsare a ɗaki, da iyayenmu mata da ba sa fita kuma jikinsu a rufe yake kullum, da wanda aka tabbatar ƙashinsa ya yi taushi. Su ƙaramin awo na kullum, 800 zuwa 1,000, shi aka saba bayarwa. Kalsiyam daga abinci ya fi, ƙwayarsa tana sa bushewar ciki, tana iya jawo tsakuwar ƙoda, tana kuma hana wasu magunguna shiga jiki in an sha su tare, irin su ciprofloxacin. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe kada a ba dattijo don kawai ya yi fari, ƙarancin jini a wannan shekarun sai an nemo ta inda jinin yake zuba.

Ƙwayoyin gwiwa na glucosamine da chondroitin an gwada su a kan mutum 1,583 a Amurka, sakamakon 2006 ya nuna a dunƙule ba su fi ƙwayar banza rage ciwo ba. Garin kiriyatin da 'yan ɗaga ƙarfe suke sha yana da hujja, giram 3 zuwa 5 a yini yana ɗan ƙara tsoka ga tsofaffi, amma ga masu ɗaga nauyi ne kawai, kuma mai suga da hawan jini ba zai taɓa shi ba sai an san halin ƙodarsa. Dihe, koren abin nan da matan Kanembu suke ɗebowa daga tafkunan kanwa na Kanem a Chadi su busar, shi ne supirulinar da ake zubawa a kafso a sayar da tsada. Fiye da rabinsa furotin ne, sai dai kafso shida ba su wuce giram 3 na gari ba a yawancin robobi, ƙwai ɗaya ya fi su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ba a rubuta a jikin roba ba. A Amurka, inda ake yin da yawa daga cikin waɗannan kayan, dokar 1994 ta ba da damar a sayar da ƙarin abinci ba tare da an fara tabbatar wa hukuma yana aiki ba, saboda haka tutar wata ƙasa a jikin kwali ba shaida ba ce. Hukumomin magunguna a ƙasashe da yawa sun sha kama haɗe-haɗen ciwon gaɓoɓi da aka ɓoye magungunan asibiti irin su dexamethasone ko diclofenac a ciki, da na ƙarfin maza da aka ɓoye sildenafil, wato sinadarin Viagra. Tsoho ya sha ya ji garau cikin kwana biyu, a ce magani ya karɓe shi. Bayan wata uku fuska ta kumbura, suga ya haura, jini ya hau, cinyoyin da muke son ginawa su ne dexamethasone yake fara cinyewa, ƙashi kuma ya yi taushi. Maganin buɗe ciki da ake saya a tebur yana sa barci da jiri, taramol ma haka. Duk abin da aka ce na ganye ne amma yana kashe ciwo nan take, a ji tsoronsa. Waɗannan robobi 4 da aka kawo muku, kafin a buɗe ko ɗaya, a kai su wurin mai farmasi ko likitan Baba ya karanta abin da ke ciki ya gwama da magungunansa.

Wajen shawo kansa, kada ka je masa da "likita ya ce." Ka ce kana so ya koya wa jikokinsa tsayuwar dambe, ko ka nemo masa wani tsaransa su riƙa yi tare a zaure, domin dattijo ba ya son yara su ga yana tangaɗi. Kuma kada a bar Hajiya a baya. Mata suna rasa ƙashi da sauri bayan ɗaukewar al'ada, karayar ƙugu ta fi samunsu, kuma duk abin da na faɗa za ta iya yinsa a tsakar gida. A gyara bakin bayin nan ma: a sa fitila, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a kankare gansakuka, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe. Bayan mako 12 ka maimaita gwajin kujera da na tsayuwa ka gwama da abin da ka rubuta. In lambar ba ta motsa ba alhali yana yi kullum yana kuma ci, a koma asibiti, akwai abin da ke ƙasa da ba a gano ba.

In kuma, Allah ya kiyaye, ya sake faɗuwa ya kasa taka ƙafar, ko ka ga ta gajarce ta juya waje, kada a tsayar da shi, kada a ja ƙafar, kada a fara da maɗori. A ɗauke shi a kwance zuwa asibiti a yi hoto a ranar, domin karayar wuyan cinya aikin tiyata take bukata, kuma jinkirin kwanaki yana ƙara haɗari. Haka nan in ya bugi kansa, ko da ya tashi yana cewa ba komai, a sa masa ido na makonni: yawan barci, ruɗewa, ciwon kai da ke ƙaruwa ko raunin ɓangare ɗaya na jiki suna iya zama jini ne yake taruwa a cikin kai, kuma wannan ma asibiti ne nan take.